Kowa Ya Gani a Waya, To Sai Me?

Daminar bara kwalbatin da ke bakin layinmu ya rufta. Ruwan dare ɗaya ne ya zaizaye ƙarƙashinsa, gari ya waye da ramin da zai iya haɗiye a-daidaita-sahu har da fasinjojinta. Kafin hantsi ya dubi ludayi yaran unguwa sun ɗauke shi a waya ta kowace kusurwa. Aka tura zauren WhatsApp na unguwa, aka ɗora a Facebook, wani yaro mai mabiya a TikTok ya tsaya a bakin ramin yana zuba bayani kamar wakilin gidan talabijin.

Kansilanmu yana cikin zauren. Ya kuma gani, don har ya turo ɗan hoton nan na hannaye biyu a haɗe, ya rubuta: "In sha Allahu za a duba."

Bayan mako uku muna zaune a teburin mai shayi, sai wani abokina malamin makaranta ya ajiye kofinsa ya ce, "Ai yanzu masu mulki sun shiga uku. Zamanin rufa-rufa ya wuce, kowa da kyamara a aljihunsa." Na dube shi, na dubi ramin da ke bayansa, wanda muka kewaye da tsofaffin tayoyi da reshen darbejiya don kada mai babur ya afka da dare. Na ce, "Malam, waiwaya ka gaishe da rufa-rufar da ta wuce."

Aka yi dariya, aka bar zancen. Ni dai bai bar ni ba, don ba shi kaɗai ke faɗin haka ba. Ina jin sa a rediyo, ina karanta shi a rubuce-rubucen masana, cewa wayar hannu za ta gyara mulki a ƙasashe irin namu.

Ra'ayina shi ne: waya ta ba talaka ido, ta ba shi baki, amma ba ta ba shi haƙori ba. Mulki yana gyaruwa ne a inda mai kujera ya san akwai abin da zai rasa idan ya yi kunnen uwar shegu, ko kujerar, ko 'yancinsa, ko aƙalla barcinsa. Inda akwai wannan tsoron, waya tana ninka shi. Inda babu shi, duk bidiyon duniya hayaniya ce kawai.

Ba raina ni'ima nake ba

Na girma a zamanin da layin tarho na NITEL alama ce ta gidan manya. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 100, amma layukan da ke aiki ba su kai rabin miliyan ba. Idan za ka yi magana da ɗan'uwanka da ke Legas, sai ka aika saƙo ta bakin direba, ko ka yi layi a shagon buga waya. A 2001 aka yi gwanjon lasisin GSM, a watan Agustan shekarar kamfanonin farko suka fara aiki. Layin kansa ana sayen sa dubban nairori, kira kuma naira 50 a minti, ko da "salamu alaikum" kawai ka ce layin ya katse. Yau mai sayar da rake yana karɓar kuɗinsa ta taransifa.

Kuma amfanin ba a baki kawai yake ba. Wata masaniyar tattalin arziki, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na Nijar a shekarun da waya ke shiga garuruwa, daga 2001 zuwa 2006, ta gano bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Dalilin a fili yake. Da can ɗan kasuwa sai ya hau mota ya je Maraɗi ko Damagaram kafin ya san nawa ake sayar da buhun gero. Yanzu kira ɗaya ya wadatar.

Amma lura da abin da ya faru a kasuwar. Wanda ya tsawwala farashi, masu saye suna juya masa baya nan take. Hukuncinsa yana cikin kasuwar, ba sai an jira kowa ba. Labari ya isa ya canza hali domin bayan labarin akwai asara. Kansilanmu kuwa, wace asara ya yi da ya bar ramin?

Inda aka cire ɗan tsakiya

Akwai wuri guda da na yarda waya ta taɓa mulki kai tsaye, wato inda ta raba talaka da masu tsayawa tsakaninsa da haƙƙinsa.

Duk manomin da ya kai shekara arba'in ya san tarihin takin gwamnati. A kawo tirela-tirela, a yi bikin ƙaddamarwa, a raba wa 'yan siyasa takardu, washegari ka ga buhunan a kasuwa da farashi ninki biyu. A 2012, lokacin Akinwumi Adesina yana ministan noma, aka ɓullo da tsarin tura wa manomi saƙo a wayarsa, ya je wurin dila ya karɓi buhu biyu a rabin kuɗi. Tsarin yana da ramukansa. Wasu ƙauyukan babu sabis, wasu sunayen na bogi ne, dilolin kuma sun yi ta kukan gwamnati ta riƙe musu kuɗi. Duk da haka manoma da yawa a lokacin ne suka fara ganin takin tallafi da idonsu.

A Afganistan ma an yi irin haka. Da aka fara gwada biyan 'yan sanda albashi ta waya wajen 2009, wasunsu sun zaci ƙarin albashi aka yi musu. Ashe albashinsu ne na asali suka fara gani cikakke, ba tare da ya bi ta hannun manyansu an yage wani abu ba. A nan gida, a 2016 ma'aikatar kuɗi ta tarayya ta sanar da cire sunayen ma'aikatan bogi sama da 23,000 bayan an tantance asusun albashi da lambar BVN.

To amma wa ya yanke shawarar yin waɗannan? Ba wayar ba ce. Wani ne a sama ya ga dama. Da gwamnati ta canza, tsarin takin ya yi ta ja da baya har ya zama labari, kuma manomi bai da ƙofar da zai buga ya ce a mayar masa. Abin da aka ba ka don an ga dama, ana iya karɓewa ranar da aka daina ganin damar.

Akwatin zaɓe

A nan ne masu yabon waya suka fi ƙarfin hujja, kuma a nan ne nake ganin tawa hujjar ta fi fitowa.

A zagaye na biyu na zaɓen Senegal a watan Maris na 2000, 'yan jaridar gidajen rediyo masu zaman kansu sun bazu a rumfunan zaɓe da wayoyin hannu. Ana gama ƙirga a rumfa, sai su kira gidan rediyo su karanto sakamakon kai tsaye, duk ƙasa tana ji. Kafin wani ya yi tunanin taɓa alƙaluma, kowa ya riga ya san inda aka dosa. Abdou Diouf ya amince da shan kaye a hannun Abdoulaye Wade, mulkin shekara 40 na jam'iyyar Diouf ya ƙare. Waya ta taka rawa, babu musu. Sai dai ta tarar da rediyon da ba a rufe ba, da ƙirgar da ake yi a bainar jama'a, da shugaban da ya san iyakarsa.

A Kenya, a 2017, an kashe maƙudan kuɗi a kan na'urorin tura sakamako, aka kuma samu tangarɗa a turawar. Bambancin shi ne kotun ƙolin ƙasar, ƙarƙashin David Maraga, ta soke zaɓen shugaban ƙasa ɗungurungum ta ce a sake. Hukumar zaɓen ta ji a jikinta. A 2022 kusan duk takardun sakamakon rumfuna sun hau intanet cikin kwana ɗaya, duk mai waya da haƙuri yana iya zama ya tara lissafinsa.

Mu kuma fa? Ranar 25 ga Fabrairun 2023 mun fita da alƙawari a hannu. An ce na'urar BVAS za ta tantance mai zaɓe, ta ɗauki hoton takardar sakamako, a ɗora a shafin IReV kowa ya gani daga rumfuna sama da 176,000. Na tsaya a rumfarmu har bayan isha'i. Na ga wakilan jam'iyyu suna haska takardar da fitilar waya, kowa yana ɗaukar hotonsa, wata yarinya 'yar bautar ƙasa tana ta danna na'urar tana ɗaga ta sama kamar mai neman sabis a ƙauye. Sakamakon 'yan majalisa yana tafiya, na shugaban ƙasa ya ƙi. Daga baya hukumar zaɓe ta ce matsalar na'ura ce. Da aka je kotun ƙoli, a watan Oktoban shekarar, sai ta ce IReV ba wurin tattara sakamako ba ne, dokar lokacin ba ta wajabta turawar ba, don haka gazawarsa ba ta isa ta rushe zaɓe ba.

Ba wanda ya ci ko wanda ya faɗi nake magana a kai ba. Abin da nake nunawa shi ne na'ura iri ɗaya ce kusan a Nairobi da Abuja. Abin da ya bambanta shi ne doka, da abin da ke biyo bayan saɓa ta.

Akwai ma wani lissafi mai ɗaure kai. A zaɓen 2003, lokacin da waya sai wane da wane, an ce kusan kashi 69 cikin ɗari na masu rajista sun fito. A 2023, da waya ta kai har ruga, cikin masu rajista sama da miliyan 93, waɗanda suka kaɗa ƙuri'a ba su wuce miliyan 25 ba, wato wajen kashi 27. Wani ɓangare na faɗuwar alheri ne, don na'urar tantancewa ta hana matattu da aljanu yin zaɓe kamar da. Amma wani ɓangaren mu ne, masu zazzafar muhawara a Facebook har ƙarfe biyun dare, waɗanda ranar zaɓe muke kwance muna jiran a turo mana sakamako.

Idan kuma kana son ganin abin ta ɗaya gefen, dubi Gambiya. A jajiberin zaɓen Disambar 2016 gwamnatin Yahya Jammeh ta katse intanet da kiran ƙasashen waje. Mutane suka je suka jefa 'yan ƙwallayensu na gilashi a cikin ganguna, kamar yadda suke zaɓe a can, aka ƙirga a wurin a gaban kowa, mutumin da ya yi shekara 22 a kan mulki ya faɗi. Babu intanet ranar. Akwai ƙirga ta gaskiya, akwai kuma maƙwabtan da suka tsaya sai ya sauka da ya nemi ya yi gardama.

"Amma ai suna jin kunya"

Wannan ita ce hujjar da abokina malamin makaranta ya dawo min da ita daga baya, kuma ba ta banza ba ce.

Ya tuna min da yaran da aka kama a Kano da Kaduna lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024. Ranar 1 ga Nuwamba aka gurfanar da su a kotu a Abuja, wasu suka yanke jiki suka faɗi, bidiyon ya karaɗe duniya. Cikin 'yan kwanaki shugaban ƙasa ya ba da umarnin a sake su. Ya tuna min da Bagega a ƙaramar hukumar Anka, inda gubar dalma daga haƙar zinare ta addabi yara, a annobar da ta kashe ɗaruruwan ƙananan yara a Zamfara tun daga 2010. An yi alƙawarin kuɗin share garin, kuɗin suka maƙale, sai da matasan Follow The Money, su Hamzat Lawal, suka tayar da ƙura a intanet aka saki kuɗin a farkon 2013.

Duk gaskiya ne. Amma yaran nan sun yi kusan wata uku a tsare kafin kyamara ta gan su. Da ba su faɗi a gaban alƙali ba fa? Da a wani kurkukun jiha ne da babu ɗan jarida? Abin da ya cece su shi ne abin ya yi muni har ya kai ga kunyata ƙasa a idon duniya, kuma wanda ya sake su, umarni ya bayar daga sama. Tausayi ne ko gudun abin kunya, ba tsari ba ne da zai kare yaro na gaba. A Bagega kuma ba a tsaya a waya ba. An je garin da ƙafa, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suna wurin suna jira, an ja 'yan majalisar dattawa cikin maganar, an bi kuɗin har aka ga an kwashe gurɓatacciyar ƙasar.

Kunya tana aiki, amma tana da iyaka, kuma 'yan siyasarmu sun gano iyakar. Sun san hayaniyar intanet kwana uku ce. Ka yi shiru, ka bar su su gaji, jibi wata 'yar fim za ta yi faɗa da wata, kowa ya koma can.

Mutanen Kano ba sa buƙatar a tuna musu da 2018, lokacin da jaridar Daily Nigerian ta Jaafar Jaafar ta saki bidiyon da ta ce gwamnan lokacin ne, Abdullahi Ganduje, yake karɓar daloli daga 'yan kwangila. Gwamnan ya musanta, ya ce haɗa bidiyon aka yi. Majalisar jiha ta kafa kwamitin bincike, kotu ta dakatar da shi. Babu wayar da bidiyon bai shiga ba, daga Sabon Gari har Doguwa. Ko na gaskiya ne ko na ƙarya, ba aikin wayata ba ne ta tabbatar. Aikin wata hukuma ne ta bincika ta fito ta faɗa wa jama'a, in ƙage ne a wanke mutum, in gaskiya ne a hukunta. A lokacin da ake buƙatar wannan amsar, kafin zaɓen 2019, ba a same ta ba. Kowa ya gani, kowa ya riƙe abin da ya ga dama.

Wayar ba tamu ba ce mu kaɗai

Muna magana kamar talaka ne kawai ya sami waya. Mai mulki ma ya samu, kuma tasa ta fi tamu caji.

Shi ke da makunnin. A watan Satumban 2021 aka katse layukan sadarwa a duk faɗin Zamfara da sunan yaƙi da 'yan bindiga, aka biyo da wasu ƙananan hukumomi a Katsina da Sakkwato da Kaduna. An ce mako biyu, abin ya ɗauki watanni a wurare da dama. Mutane sai sun yi doguwar tafiya kafin su kira 'yan'uwansu ko su tura kuɗi, ƙauyen da aka kai wa hari kuma ba shi da hanyar neman agaji. Ana iya gardama a kan ko matakin ya taimaki tsaro, amma ba a gardama a kan wanda ke da iko da layin. A shekarar dai aka rufe Twitter daga Yuni har Janairun 2022, bayan kamfanin ya goge wani saƙon shugaba Buhari. Abin dariyar, a Twitter ɗin aka sanar da rufewar. Kotun ECOWAS ta ce matakin ya saɓa doka, amma sai bayan an riga an buɗe. A Chadi an toshe shafukan sada zumunta wata 16, daga 2018 zuwa 2019. A Kamaru an katse intanet a yankunan masu Turancin Ingilishi wata uku a 2017. A Nijar an katse intanet na waya kwanaki bayan zagaye na biyu na zaɓen 2021, kuma farar hula ke mulki a lokacin.

Shi ke da kuɗin haya. Da can sojojin baka muka sani, waɗanda ake saya wa fili a rediyo su yabi uban gida su zagi abokin hamayya. Yanzu an sami ƙannensu, 'yan data. Ka ɗora hoton ajin da yara ke zaune a ƙasa, kafin ka ajiye wayar mutum ashirin sun sauko maka: kai ɗan adawa ne, an biya ka, me ya sa ba ka yi magana lokacin gwamnatin baya ba? Da yawansu yaran unguwa ne masu digiri babu aiki, kuma ƙannensu ne ke zaune a ƙasan.

Shi ke da 'yan sanda. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya zama sandar dukan 'yan jarida da masu suka, har sai da aka yi masa gyara a 2024, kuma ko bayan gyaran ba a daina kama mutane a kan rubutu ba. Har yau iyalan Abubakar Idris, wanda aka fi sani da Dadiyata, mai sukar 'yan siyasa a intanet, ba su san inda yake ba tun da aka ɗauke shi a gidansa a Kaduna a watan Agustan 2019. Duk mai rubutu a Arewa yana tuna wannan sunan kafin ya danna "tura".

Ko sayen ƙuri'a ma waya ta sauƙaƙa shi. Ka dangwala, ka ɗauki hoto, ka nuna, a biya ka. Shi ya sa hukumar zaɓe ta hana shiga wurin dangwalawa da waya. Da aka yi ƙarancin takardun naira gab da zaɓen 2023, wasu suka ce an kashe sayen ƙuri'a. Sai ga lambar asusu, ga taliya da atamfa.

Mu kanmu ba mu tsira ba. Wanda ya tuna daren 2014 da aka tashi mutane da asuba a ce su yi wanka da ruwan gishiri su sha don maganin Ebola, ya san gudun ƙarya a waya. Har rayuka aka rasa. Al'ummar da za ta yarda an sauya mata shugaban ƙasa da wani Jibrin daga Sudan, har sai shugaban ya fito da kansa ya ce shi ne, tana da aiki a gabanta kafin ta ce za ta bi diddigin kasafin kuɗi.

"To ai gara soja"

Wasu matasan, musamman tun juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, sun kai ga wata matsayar daban. Suna cewa tunda dimokuraɗiyyar ba ta da haƙori, a kawo mai ƙarfi ya yi aiki da fasahar kawai. Suna kawo misalin Ruwanda, inda ake neman takardun gwamnati da yawa ta waya a dandalin Irembo ba tare da an ba kowa na goro ba.

Na fahimci gajiyar da ta haifi wannan magana, ni ma na gaji. Kuma gaskiya ne gwamnati mai tsauri tana iya sa a ba ka takardar haihuwa cikin kwana biyu. Amma a irin wannan mulkin waya tana da izinin karɓar hidima, ba ta da izinin tambaya. Ranar da mai ƙarfin ya yi kuskure, kuma kowane ɗan Adam yana yi, wa za ka kai wa ƙara? A Nijar an dakatar da RFI tun 2023, an dakatar da BBC na wata uku a ƙarshen 2024, an rusa jam'iyyun siyasa a 2025. Mai sauraron sashen Hausa a Zinder ya san abin da ya rasa. Dimokuraɗiyyarmu gurguwa ce, amma tana da ƙofofi: kotu, majalisa, rediyo mai zaman kansa, zaɓe bayan shekara huɗu. Ƙofofin sun yi tsatsa. Gyaran ƙofa mai tsatsa daban, toshe ta da bulo daban.

Akwai kuma wanda muke mantawa da shi gaba ɗaya a wannan muhawara. Gwaggona a ƙauye tana da waya, ƙaramar nan mai tocila. Ba ta karatun boko, jikanta ke duba mata saƙo, shi ke riƙe da lambar sirrinta ta banki. Mata da yawa a garinsu wayar miji suke aro. Idan gwamnati ta koma sauraron masu ihu a intanet kawai, to birni za ta riƙa ji, da maza, da masu Turanci. Shi ya sa har gobe nake ganin shirin rediyon da ake buɗe layi mutum ya kira da Hausarsa ya ce rijiyar burtsatsen garinsu ta lalace ya fi dubban rubuce-rubucenmu isa inda ake so. Waya ce a hannunsa, amma rediyon ne ya sa shugaban ƙaramar hukuma ya ji sunansa a kunnen duk jiha.

Abin da muka yi da ramin

Bayan wata biyu muna turawa ana turo mana hannayen addu'a, wani dattijo a layinmu, tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma, ya kira mu ƙofar gidansa. Ya ce, "'Ya'yana, ofis ba ya jin bidiyo. Takarda yake ji, da ƙafa."

Ya sa aka rubuta wasiƙa, mai unguwa ya sa hannu, limami ya sa, magidanta 40 suka sa. Ya ce a yi kwafi uku, kuma kada a baro sakatariya sai an buga hatimin karɓa a kan namu, da kwanan wata. Wani yaro ya binciko a wayarsa nawa ƙaramar hukumarmu ta samu daga asusun tarayya a watanni ukun da suka wuce, don ana wallafa wannan kowane wata, yawancinmu ne ba mu taɓa dubawa ba. Wani lauya ɗan unguwa ya ƙara da cewa akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa tambaya, ya rubuta tasa daban yana tambayar ko akwai kwalbatin a kasafin bana.

A zauren WhatsApp ɗin aka tsara ranar tafiya, aka tara kuɗin mota ta taransifa. Mutum 18 muka je, har da mata huɗu. Aka ce shugaban ba ya nan. Dattijon ya ce babu komai, za mu jira, ya shimfiɗa dardumarsa a barandar. Bayan azahar sai ga shi ya fito daga ofishin da aka ce ba ya ciki. Ya yi mana alƙawarin mako biyu. Wani yaro ya ce, "Ranka ya daɗe, a ba mu izini mu naɗa, don mutanen unguwa su ji daga bakinka." Ya ɗan yi jim, ya gyara hularsa, ya maimaita.

Da mako biyun suka cika ba a ga kowa ba, muka kai muryar gidan rediyo tare da kwafin wasiƙar mai hatimi. Kwana huɗu bayan an saka, tifa ta zo ta juye yashi, wata ta kawo tsakuwa. Kansila ya zo da kansa ya tsaya a kan tulin yashin aka ɗauke shi hoto, yaransa suka ɗora da taken "aiki ga mai ƙare ka".

Siminti da rodi ne har yanzu ba su iso ba. Yara sun mayar da yashin wurin wasa, masu gini a layin baya kuma suna ɗiba da baro idan dare ya yi. Dattijon ya ce ranar Litinin za mu koma, kuma wannan karon kowa ya zo da katin zaɓensa a aljihun gaba, inda za a gan shi.